Rumfar Haya: Ina YouTube Zai Kai Fim Da Waƙar Hausa?

Ranar Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, ka ɗan tsaya a shagon mai cajin waya. Wayoyi ne jere a kan katako, kowace da lambarta a manne, janareta yana ruri a waje, ga saurayi mai tura-tura zaune gaban kwamfuta ana ta miƙo masa memori. Wani ya leƙo ya ce, "Malam, Labarina na wannan satin ya sauka?" Wani dattijo kuma tafsiri yake so a zuba masa. Wanda ya taho daga Kutawa ko ƙauyukan Kurfi sai ya cika wayarsa kafin ya hau babur ya koma. Kusan duk abin da ake tura musu daga rijiya ɗaya aka ɗebo shi, wato YouTube. To wannan rijiya ta waye, kuma har yaushe za mu ci gaba da sha daga cikinta?

Yadda aka iso nan

An kafa YouTube a Amurka a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. A lokacin, harkar fim ɗin Hausa, wadda ta kafu tun fitowar Turmin Danya a 1990, a kan kaset da faifai take tafiya. Furodusa ya kai fim wajen dillalan Ƙofar Wambai a Kano, daga can ya bazu zuwa Katsina da Maraɗi da Agadas. Da waya mai memori ta shigo hannun kowa, sai kasuwar faifai ta mutu a tsaye: kwafi ɗaya ya ishi gari guda. Arewa24 ta zo a 2014 ta saba wa mutane da fim mai dogon zango irin su Daɗin Kowa. Sannan a 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan Bakori a nan jihar Katsina, da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa ana iya sakin fim kyauta duk mako, a tara miliyoyin masu kallo, kuɗi kuma su shigo ta hanyar talla.

Abin da ya gyara, da abin da ya canja

Gaskiya ɗaya ce, YouTube ya ceci sana'ar da ta kusa durƙushewa. Ya cire dillali daga tsakani. Yaron da ke da waya da basira ba ya buƙatar ubangida a Kano kafin a san shi. Sharaɗin kamfanin shi ne ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, sai a fara raba kuɗin talla da shi, ya ɗauki kashi 55 cikin 100. Bahaushen da ke Makka ko Kumasi ko Khartoum yana kallo a daren da na Kurfi yake kallo. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, sun isa kunnen yaran da ba su riski zamaninsu ba.

Amma mai biya shi ke zaɓar kiɗa. Tun da tsawon kallo ake biya, sai labarin da zai ƙare a awa biyu a ja shi zango bayan zango. Tun da sai an latsa ake ƙirgawa, sai kanun bidiyo suka koma na tayar da hankali. Kuma da yake tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuɗinsa bai kai na mai kallo a Turai ko Saudiyya ba, dole furodusa ya cusa tallan mai maganin gargajiya da mai sayar da filaye a tsakiyar fim don ya mayar da kuɗinsa. Shi kuwa mutumin Kutawa da aka tura masa a shago, ko sau goma ya kalla, ba a ƙirga shi ba, sisi bai shiga aljihun mai fim ba. Mutanen karkara, waɗanda su ne ƙashin bayan masu kallo, ba su cikin lissafin da ke yanke irin fim ɗin da za a yi gobe.

Abubuwan da za su yanke makomarsa

Na farko kuɗin data. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100. Magidancin da ke auna kwanon masara ba zai ƙona data a kan fim na awa guda ba, shago zai koma. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa dalar da YouTube ke biya ta yi auki, amma ita ce kuma ta tsauwala kuɗin kyamara da man janareta da abincin ma'aikata.

Na biyu sabis kansa, kuma a nan babu wanda zai ba mutanen wannan yanki labari. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka shafe watanni a haka. Mutum sai ya shiga mota ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. A waɗannan watanni, abin da ke cikin kwamfutar mai tura-tura shi kaɗai ya rage wa gari. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter wata bakwai. Abin da aka yi wa Twitter, ana iya yi wa YouTube.

Na uku hankalin matasa. TikTok ya saba musu da bidiyon minti ɗaya, har YouTube ya fito da nasa Shorts don kada a bar shi a baya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke zazzaga waya tsakanin lacca da lacca ba lallai ya zauna wa fim mai tsawo ba.

Na huɗu masu iko biyu da ke kan mai fim. A gida akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda a Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. Wannan aƙalla an san ofishinta, ana iya zuwa a zauna a sasanta. A waje kuwa akwai kamfanin YouTube, wanda ƙorafin haƙƙin mallaka uku ya isa ya sa ya rufe tasha da duk abin da ke cikinta, kuma babu ƙofar da za ka je ka yi sallama.

Inda na tsaya

Ban ga alamar YouTube zai gushe nan kusa ba. Google na bayansa, kuma manhajojin gida irin su Northflix, masu neman a biya kafin a kalla, suna fama da jama'ar da ta saba da kyauta. Abin da nake tsoro shi ne sakankancewa. Rumfar haya muke ciki, mai rumfa kuma yana iya ƙara kuɗi ko ya canja ƙa'ida ba tare da ya shawarci kowa a Katsina ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Fina-finai da yawa na zamanin kaset yau nemansu ake yi ruwa a jallo, don babu wanda ya ɗauki nauyin adana su. Kada a maimaita. Furodusa ya riƙe uwar kwafinsa a wuri fiye da ɗaya. Jami'ar Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su buɗe taskar fim da waƙa da karatun malamai. Masu fim kuma su zauna da ƙungiyoyin masu tura-tura a yanka wani abu da zai riƙa komawa ga mai aiki, domin saurayin nan na shagon caji shi ne dillalin wannan zamani, kuma a 2021 shi ya riƙe gari lokacin da sabis ya ɗauke.