Gawo, jarin manomi a Magariya da Dungas

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magariya da rani zai ga gonaki cike da gawo, kore shar, alhali ƙasa ta bushe. Ba dasa su aka yi ba, manoma ne suka raine su.

A da, gyaɗa ce arzikin wannan yanki, kamfanin SONARA ke sayenta. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, farin 1984 kuma ya kashe dabbobi masu yawa. Wanda ya dogara ga abu guda ya wayi gari ba shi da komi.

Daga nan manoma suka sake dabara. In sun zo sharar gona ba su tumɓuke tohon itace. Sai su zaɓi mai ƙarfi, su rage sauran, su tsare shi har ya girma. Shi ake kira sassaben zamani. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna wajen hekta miliyan 1 sun sake samun itatuwa a gundumomin Magariya, Matamaye da Mirya. Lokacin nan Dungas tana cikin Magariya, sai a 2011 ta zama gunduma.

Mene ne amfanin gawo? Da damina yana kaɗe ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ƴaƴansa abinci ne ga tumaki. Ragon da aka turke da su, da harawar wake, kuɗi ne lokacin Layya. Ko damina ta gaza, gawo ba ya gazawa, domin saiwarsa tana da zurfi.

Manomi mai hangen nesa yakan haɗa gero da wake da riɗi, waɗanda ke da kasuwa har Maigatari a Nijeriya. Waɗansu ƙungiyoyin manoma kuma sukan jinginar da amfanin gona a sito da kaka, su karɓi bashi, su sayar in farashi ya tashi.

Saura magana guda ga ma'aikatan gandun daji. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare. Amma manomin da ke tsoron tara in ya sassabe reshe a gonarsa ba zai raini sabon toho ba. A zauna da manoma, a bayyana musu haƙƙinsu. Mai abu shi ke tsaron abinsa.