Takardar shaida ta mako guda: Ƙaramin sani ƙuƙumi ne

Duk mai bibiyar Facebook da WhatsApp ya sha cin karo da tallan kwasa-kwasan da ake cewa cikin kwana uku ko mako guda za su mayar da mutum gwanin warkar da damuwa, fargaba da shaye-shaye ta hanyar hifnosis. Ka biya kuɗi, ka kalli bidiyo, a turo maka takardar shaida mai hatimi. Ganin yadda matasanmu masu digiri, tun daga Katabu zuwa Rigachikun da Kawo, ke zaman jiran aiki, ba abin mamaki ba ne idan tallan ya ja hankalinsu. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna batun.

Da farko dai, hifnosis ba tsibbu ba ne, ba kuma rufa-ido ba. Hanya ce ta taimaka wa mutum ya tattara hankalinsa wuri guda, jikinsa ya saki, har ya fi karɓar shawarar da ake ba shi. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya yi tashe a Faris da da'awar cewa ƙarfin maganaɗisu ne ke warkar da majinyatansa, sai kwamitin da Sarkin Faransa ya naɗa a 1784, wanda Benjamin Franklin ke ciki, ya gano cewa tunanin majinyacin ne ke aikin. A 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da hifnosis wajen jinya, kuma tun 2008 hukumar NICE ta ƙasar ta sanya shi cikin abin da za a iya gwadawa ga masu wani nau'in ciwon hanji da ya ƙi jin magani. Ke nan abin yana da tushe, matsalar tana ga hannun da ya riƙe shi.

Mai karatu, ga abin dariya mai ban tsoro. A 2002 labari ya bazu cewa wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Steve Eichel, ya samo wa kyanwarsa takardun shaidar ƙwarewa daga ƙungiyoyin masu wannan sana'a. A 2009 wani ma'aikacin BBC ya yi wa tasa kyanwar rajista da ƙungiyoyi uku a Ingila. To, takardar da kyanwa za ta iya samu, wane tabbaci take bai wa mara lafiya?

Koyon sa mutum cikin wannan yanayi ba shi da wuya. Aikin yana wajen gane abin da ke damunsa. Matar da ke yawan kuka bayan haihuwa, da saurayin da ke jin muryoyi, da mai farfaɗiya, da wanda faɗuwar gabansa ta samo asali daga ciwon zuciya, duk za su iya zuwa da koke iri ɗaya. Wanda bai san bambancinsu ba zai yi ta lallashi, cuta na cin jiki. Bugu da ƙari, bincike ya tabbatar da cewa a cikin wannan yanayi ana iya cusa wa mutum tunawa da abin da bai taɓa faruwa ba. A al'ummar da zargin sammu ke saurin faɗawa kan kishiya ko uwar miji, tambaya ɗaya ta ganganci ta isa ta kashe aure.

Babu shakka akwai giɓi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, kuma mutumin Katabu sai ya ratsa gari ya ƙetare kogi kafin ya isa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Amma mun ga abin da cike giɓi da jahilci ke haifarwa. A Satumbar 2019 'yan sanda sun ceto mutum sama da 300, wasu ɗaure da mari, daga wani gidan gyaran tarbiyya a Rigasa, cikin ƙaramar hukumarmu ta Igabi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta zo ne don kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah.

A ganina, mai son wannan fanni ya ɗauki darasi daga wanzamai. Ɗan wanzami yakan shekara da shekaru yana riƙe wa mahaifinsa zabira kafin a bar shi ya ɗora aska a kan mutum. Haka nan, a fara da karatun likitanci, ko aikin jinya, ko ilimin halayyar ɗan Adam, a yi aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, sannan a ƙara da hifnosis a matsayin dabara ɗaya cikin dabaru. Babbar alamar gwani ita ce sanin lokacin da zai ce wa majinyaci, wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti.

Su kuma iyaye da 'yan uwa, kafin ku miƙa naku, ku tambaya: a ina ya yi karatu, shekara nawa, wa ya koya masa, wace hukuma ce za ta hukunta shi idan ya yi ɓarna? Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.