Ƙwarya Ko Itace? Abin Dubawa Kafin A Aiko Garaya Daga Azare

Mutanen ƙasar Katagum da ke zaune a Sabon Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, sukan yi saƙon garaya ko goge daga gida saboda biki ko hira. Sau da yawa abin yakan iso lafiya, amma kafin damina ta yi nisa muryarsa ta dushe. Dalilin yana jikin abin kiɗan.

A Azare, inda hedkwatar Sarkin Katagum ta koma a 1916, iska busasshiya ce yawancin shekara, balle da hunturu. Fatar da aka ɗaure a can takan yi tsam. Da ta sha raɓar Kurmi sai ta saki, jakin da ke ɗauke da tsarkiya ya nutse, amo ya mutu.

Garaya iri biyu ce. Ƙaramar, ta itace ce da aka fafe, aka rufe da fatar gada ko ta akuya. Muryarta siririya ce, amma tana jure wahalar mota. Babbar, watau komo, ta duma ce. Da yake cikinta na da faɗi, amonta kauri gare shi, sai dai buhu ɗaya ya danne ta a bayan mota ta tsage. Goge da kukuma su ma ƙwarya ce, da fatar guza.

Turawa ma suna wannan lissafi wajen babban gogensu da ake kaɗawa a tsaye. Wanda aka sassaƙa da tsantsar katako ya fi daɗin amo, amma canjin iska kan tsaga shi. Na falankin da aka manna da gam ya fi ƙarko, shi ne na mai yawo. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa na gwangwani ne, ya kuwa kai shi ƙasashe.

To, mai saye ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa. In ta yi ƙarar fasasshen tulu, ya bar ta. Ya duba hudar ƙwaro. Mai yawon biki ya ɗauki ta itace. Mai son komo kuwa ya rungumo ta a cinya har Ikko, kuma ya riƙa shanya ta a rana kafin wasa.