Kwamishina Maigret a gaban shari'ar masu karatu

Littafi 75 da gajerun labarai 28 aka rubuta a kan wannan ɗan sanda na birnin Paris, daga shekarar 1931 zuwa 1972. Wanda ya ƙago shi ya kwanta dama tun 1989, amma har yau masu karatu ba su bar gardama a kansa ba. Tushen gardamar kuwa tambaya ce guda: me jama'a ke nema daga wurin mutumin da hukuma ta danƙa wa ikon kama mutane?

Wanda ya saba tsayawa wurin masu shimfiɗa littattafan gwanjo a ƙasa, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ba wuya ya taɓa cin karo da wasu ƙananan littattafai na Faransanci masu ɗauke da sunan Maigret, wanda ake faɗi "Megre". Ba su da kauri, suna shiga aljihun riga, kuma mutum kan iya gama ɗaya a tafiyar mota daga Tawa zuwa Yamai. Sai dai mutum biyu kan karanta littafi guda su tashi da ra'ayi biyu: wannan ya ce bai taɓa ganin ɗan sanda mai hankali irin wannan ba, wancan ya ce da shi ne shugabansa da tuni ya sallame shi daga aiki.

Mutumin da lofensa

Georges Simenon, marubucin waɗannan littattafai, an haife shi a garin Liège na ƙasar Beljiyam a shekarar 1903. Ya shiga aikin jarida tun bai cika shekara 16 ba, ya koma Paris a 1922, inda ya yi ta zubo labarai masu araha da sunayen aro. A watan Fabrairu na 1931 kamfanin ɗab'i na Fayard ya fito da littattafan farko na Maigret, da sunan marubucin na gaskiya a bangonsu.

Jules Maigret ƙato ne mai nauyin jiki, da babbar rigar sanyi, da lofe da ba ya rabuwa da bakinsa. Ofishinsa yana lamba 36, Quai des Orfèvres, a bakin kogin Seine, wato tsohuwar hedkwatar ƴan sandan bincike ta Paris. Ɗan talakawa ne: mahaifinsa mai kula da gandun wani basarake ne a ƙauye, shi kuma ya fara karatun likita ya bari bayan rasuwar mahaifin. Ba ya tuƙa mota, da wuya a ga ya zaro bindiga. Idan an yi kisa, sai ya tafi unguwar da abin ya faru, ya zauna a ɗakin shan shayi ko mashaya, ya saurari mai gadin gida da mai kanti da maƙwabta, ya shiga ɗakin mamacin ya duba abin da yake ci da inda yake kwana. Haka zai yi ta yi kwana da kwanaki har rayuwar mutanen wurin ta shige shi.

Shi kansa Simenon ya so ya rabu da shi. Bayan littafi 19, a 1934 ya yi masa ritaya, ya tura shi ƙauyen Meung-sur-Loire, don ya samu sukunin rubuta littattafan da yake fatan za su sa a ƙidaya shi cikin manyan marubuta. Rabuwar ba ta ɗore ba: gajerun labarai sun biyo baya daga 1936, cikakkun littattafai kuma daga 1942, haka har zuwa na ƙarshe, Maigret et Monsieur Charles, a 1972.

Saɓani na farko: nawa ce ko haƙuri?

Ƙorafin da aka fi ji shi ne cewa babu abin da ke faruwa a cikin littattafan. Masu wannan ra'ayi galibi sun saba da labaran SAS na Gérard de Villiers ko na San-Antonio na Frédéric Dard, inda harbi da gudu da mota ba sa yankewa. A wurinsu, shafi goma na bayanin ruwan sama da hayaƙin lofe ɓata lokaci ne. Masu son Agatha Christie kuma nasu kukan daban ne. Sun saba marubuciya ta shimfiɗa musu alamu kamar wasan dara, su yi ta lissafi har Hercule Poirot ya tara kowa a ɗaki ɗaya ya nuna mai laifi. A wurin Simenon kuwa, sau da yawa mai karatu kan gane wanda ya yi kisan tun ana tsakiyar littafi.

Masu kare Maigret suna amsawa da cewa ai ba nan gizo yake saƙa ba. Tambayar da littattafan ke bi ita ce: me ya kai mutum kamar kowa, magatakarda ko ɗan kasuwa ko matar gida, ga zubar da jini? Bashi ne, ko wulaƙanci na shekara da shekaru, ko tsoron tonon asiri? Sukan ce ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan hanya, domin kafin ya ba mutum kaya bashi ba takarda kaɗai yake dubawa ba. Yakan bincika gidan da ya fito, da abokan hulɗarsa, da yadda ya biya na baya. Mai haƙuri, in ji su, shi ke dafa dutse.

Wannan ɓangare yana da manyan shaidu. André Gide, wanda ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1947, ya ɗauki Simenon a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu ƙaga labari na zamaninsa. Sauƙin harshen ma da gangan ne: Simenon ya sha ba da labarin yadda marubuciya Colette, lokacin da take tace labarai a jaridar Le Matin, ta mayar masa da rubutunsa tana cewa ya cire duk wani ado. Shi ya sa wanda Faransancinsa na lakwal ne kawai yake iya karanta Maigret ba tare da ƙamus a hannu ba.

Saɓani na biyu: doka ko tausayi?

A nan ne gardamar ta fi zafi, kuma littattafai uku ne aka fi kafa hujja da su.

A cikin Le Pendu de Saint-Pholien, na 1931, Maigret ya gano cewa wasu mutane masu mutunci a idon jama'a suna da hannu a wani kisa da aka yi a Liège lokacin samartakarsu. Saura ƴan makonni a cika shekara 10, wa'adin da bayansa doka ta lokacin ba ta ba da damar gurfanar da su. Wanda ya soka wuƙar ya riga ya rataye kansa tun da daɗewa. Maigret ya ƙidaya ƴaƴan waɗanda abin ya shafa, ya samu yara biyar, sai ya juya ya yi tafiyarsa bai kama kowa ba.

A cikin La Tête d'un homme, shi ma na 1931, kotu ta yanke wa wani matashi, Joseph Heurtin, hukuncin kisa saboda kashe wata attajira Ba'amurkiya da mai aikinta. Shaidu duk sun nuna shi. Maigret, wanda shi ne ya kama shi, bai gamsu ba. Ya sa aikinsa jingina, ya shirya a bar fursunan ya tsere daga kaso don a bi sawunsa, har aka kai ga ainihin mai laifin, wani tsohon ɗalibin likitanci mai suna Radek.

A cikin Maigret et le Clochard kuwa, na 1963, an jefa wani marar galihu mai kwana a ƙarƙashin gada cikin kogi, aka tsamo shi da rai. Maigret ya san wanda ya yi, amma mutumin, wanda tsohon likita ne, ya ƙi ba da shaida a kan kowa. Dole aka saki wanda ake tuhuma.

Masu bin doka sau da ƙafa suna ganin littafi na farko abin tsoro ne. Hujjarsu ita ce: aikin ɗan sanda ya bincika ya miƙa wa alƙali, yafewa ba hurumin ɗan sanda ba ne. Idan aka yarda wannan ya saki mai laifi don tausayin yara, da wane baki za a hana wani ya saki nasa don dangantaka, ko don an cusa masa wani abu a aljihu? Dangin wanda aka kashe fa, wa ya tambaye su? Suna ƙarawa da cewa tausayin Maigret yana da daɗin karatu ne kawai saboda Simenon ne ke riƙe da alƙalami, ya riga ya tabbatar wa mai karatu cewa kwamishinan bai yi kuskure ba. A kwamisariya ta gaskiya babu marubucin da zai ba da wannan tabbaci.

Ɗaya ɓangaren kuma yana ɗaga littafi na biyu. Takardun Heurtin sun cika, an bi kowace ƙa'ida, kotu ta zauna ta yanke. Da an tsaya ga takarda kaɗai, da an sare kan marar laifi, domin sai a 1981 Faransa ta soke hukuncin kisa. Alƙali mai bincike Coméliau, wanda ya sha karo da Maigret a littattafai da dama, ba azzalumi ba ne. Mutum ne da ya san doka amma bai san yadda talaka ke rayuwa ba. A ganin wannan ɓangare, ma'aikacin da ya ɓuya a bayan dokoki don kada a zarge shi yana iya yin ɓarnar da ta kai ta mai cin hanci.

Mai karatu a Nijar ba baƙo ba ne ga wannan magana, tun da tsarin kwamisariya da mai gabatar da ƙara da alƙali mai bincike gado ne daga Faransa. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ko yaron shago gaban hukuma ya san cewa yana son abu biyu a lokaci guda: a bi doka, kuma a saurare shi. Littattafan Simenon suna nuna ranar da abu biyun suka raba hanya.

Abin da zamani ya tono

Akwai abubuwan da masu karatun farko suka wuce ba su lura ba, na yau kuwa suna tsayawa a kansu. Na ɗaya shi ne yadda Maigret ke yi wa mutum tambayoyi. Yakan tsare wanda ake tuhuma a ofis dare guda cur, shi da mataimakansa Lucas da Janvier suna karɓa-karɓa, ana aiko da abinci da giya daga wata mashaya ta kusa, har gajiya ta sa mutumin ya buɗe baki. Ba ya cika duka ba, amma babu lauya a ɗakin. Sai a 2011 dokar Faransa ta ba wanda aka tsare ƴancin lauya ya zauna tare da shi lokacin tambayoyi. Wa'adin shekara 10 irin wancan ma dokar Faransa ta mayar da shi 20 a 2017. Ke nan Maigret na yau da ba zai iya yin abubuwa da yawa da suka yi masa suna ba.

Na biyu shi ne matsayin mata. Uwargidansa Louise tana gida kullum, tukunya a kan wuta, ba ta ƙorafi ko ya kwana a waje. Wasu na ganin wannan hoton zaman lafiya ne, har wani marubucin harkar abinci, Robert Courtine, ya tattara girke-girkenta a littafi a 1974. Wasu kuwa, musamman mata masu karatu, suna ganin an mayar da ita inuwa kawai.

Na uku shi ne marubucin kansa. Littafin tarihin rayuwarsa da Pierre Assouline ya fitar a 1992 ya ja hankali ga jerin maƙalun ƙyamar Yahudawa da ya rubuta a jaridar Gazette de Liège a 1921, yana ɗan shekara 18. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa kuma, kamfanin Continental na Jamusawa ya yi finafinai daga littattafansa, uku daga ciki na Maigret. A 1932 ya zagaya Afirka ya rubuta maƙalu masu sukar mulkin mallaka, amma da kalmomin raini ga baƙar fata irin na Turawan zamanin. Masu karatu sun rabu a nan ma: wasu sun ce ba a raba tuwo da hannun da ya tuƙa shi, wasu sun ce Maigret ya fi wanda ya ƙago shi kirki, kuma shi suke karantawa.

Inda aka haɗu

Duk da wannan, kasuwar littattafan ba ta mutu ba. Jean Gabin ya fito a matsayin Maigret a finafinai uku, Jean Richard ya riƙe shi a telebijin daga 1967 zuwa 1990, Bruno Cremer daga 1991 zuwa 2005, Gérard Depardieu kuma a wani fim na 2022. Kamfanin Penguin na Ingila ya sake fassara littattafan 75 gaba ɗaya tun daga 2013. A garin Delfzijl na ƙasar Holan, inda Simenon ya ce a nan ya ƙago shi, akwai mutum-mutuminsa tun 1966. Ƴan sandan bincike na Paris sun tashi daga Quai des Orfèvres a 2017, amma ga masu karatu lamba 36 gidan Maigret ce har gobe.

Idan aka tace maganganun ɓangarorin biyu, akwai wuri ɗaya da suka haɗu. Ko masu zarginsa da wuce gona da iri ba su musanta cewa Maigret yana ba mai gadi da mabaraci lokacin da yake ba minista, kuma ba ya rufe takardun mutum don kawai ya gaji da su. Yafewar da ya yi a Liège ba abin da za a mayar doka ba ne, kuma masu tsoronta suna da gaskiya. Amma komawar da ya yi kan shari'ar Heurtin, bayan shi da kansa ya kama shi kuma kotu ta riga ta yanke, wannan babu dokar da ta hana kowane ma'aikaci kwatanta irinta: ya sake duba aikinsa tun kafin aikin gama ya gama.