Yadda za ka kare kwamfutar gem daga zafin bazara da ƙurar hunturu

Daga tsakiyar watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Jega da Aliero da Maiyama yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, shagon da aka rufe da kwano ba tare da silin ba kuwa yakan fi waje zafi da tsakar rana. A irin waɗannan shaguna da ɗakunan ɗalibai ne matasa ke ajiye kwamfutocin tebur masu tsada domin buga wasannin gem irin su EA Sports FC da eFootball da GTA V, wasu kuma su haɗa da aikin tace bidiyon biki da zane-zane. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a shekarar 2006 tana cikin abubuwan da suka ƙara yawan masu neman irin wannan na'ura a yankin.

Kuɗin kuwa sau da yawa daga aljihun iyaye yake fitowa: ɗan kasuwar da ya buɗe wa ɗansa shagon gem, ko ma'aikacin da ya tara albashi ya saya wa ɗalibi kwamfuta. Kusan duk kayan cikinta daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma idan guda ya lalace sai an aika Kano ko Legas kafin a samu madadinsa. Duk da haka, wajen haɗa kwamfutar, akwatin da za a zuba kayan a ciki shi ake bari ƙarshe, a saya da abin da ya rage. A ƙasa mai zafi irin tamu, wannan akwati da yadda iska ke ratsa shi su ne ke yanke tsawon rayuwar sauran kayan.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha tana komawa zafi. Sassa biyu ne suka fi ci: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da katin hoto, wanda ke zana abin da ake gani a fuskar allo. Furosesa matsakaiciya irin Ryzen 5 5600 an ƙera ta a kan wat 65, katin hoto na RTX 3060 yana jan wat 170, RTX 4060 kuma wat 115. Idan aka haɗa da sauran sassa, kwamfutar gem matsakaiciya tana fitar da zafin da ya kai wat 250 zuwa 300 lokacin da ake tsaka da wasa.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta kawai ta kwashe iska mai zafi ta kawo ta ɗaki a madadinta, don haka babu wani sashe na kwamfuta da zai fi iskar ɗakin sanyi. Gwaje-gwajen da ake gani a YouTube, waɗanda matasa ke dogara da su wajen zaɓen kaya, yawanci a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 25 ake yin su a Turai da Amurka. A ɗauka furosesa ta nuna digiri 70 a ɗaki mai digiri 22. Ita ɗin ce dai, idan aka kawo ta ɗaki mai digiri 40, za ta doshi 88. Idan akwatin a toshe yake har iskar ciki ta ƙara digiri bakwai ko takwas, an kai 95 ke nan.

A daidai wannan wuri ne matsala ke farawa. Furosesoshin zamani na AMD da Intel suna rage wa kansu gudu idan suka kai digiri 90 zuwa 100, gwargwadon samfuri, domin kada su ƙone. Mai wasa zai ga hoto yana sarƙewa, wani lokaci na'urar ta kashe kanta. Ɓarnar da ba a gani ta fi wannan: ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, ƙananan tukwanen ajiyar wuta da ake kira kafasita suna rasa kusan rabin tsawon rayuwarsu a duk ƙarin digiri 10. Kwamfutar da ya kamata ta yi shekaru tana aiki sai ta fara ciwo tun kafin a mayar da kuɗin da aka zuba.

Zaɓen akwati

Akwatunan da suka fi ɗaukar ido a kasuwa su ne masu gilashi gaba da gefe, da fitilu masu sauya launi. Da yawansu kyan ɗan maciji ne da su, domin gilashin gaba yana toshe hanyar da iska za ta shiga, ya bar 'yan ƙananan ramuka a gefe. Manomin albasa a Aliero ba ya zuba amfaninsa a ɗaki rufaffe. Yana ɗaga shi daga ƙasa ya bar iska tana ratsawa, in ba haka ba ya ruɓe. Haka kayan kwamfuta suke buƙata. Akwatin da ya dace da yankinmu shi ne mai raga a gaba, daga sama har ƙasa, da wurin ɗaura fanka biyu ko uku a bayan ragar, da wata a baya, da kuma ramuka a sama. Gilashin gefe ba ya cutarwa sosai idan gaban a buɗe yake. Fitilu kuwa ado ne kawai, ba sa ƙara sanyi ko kaɗan.

Girma ma yana da muhimmanci. Akwatuna suna bin tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, da ƙannensa Micro-ATX da Mini-ITX. Ƙaramin akwati yana da kyau a kan tebur, amma matsatsi yana riƙe zafi. Kafin a biya kuɗi a auna tsawon katin hoto da tsayin ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, domin manyansu sukan kai milimita 155 zuwa 160, kuma ba kowane akwati ke rufuwa a kansu ba.

Akwai kuma masu sayen siraran kwamfutocin ofis na hannu su cusa musu katin hoto. Waɗannan an ƙera su ne domin aikin rubutu da lissafi, na'urar rarraba wutarsu ƙarama ce, hanyar iskarsu kuma ba ta isar katin da ke jan wat sama da ɗari. Ƙaramin kati wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban shi kaɗai ya dace da su.

Yadda ake jera fankoki

Tsarin da ya fi aiki mai sauƙi ne: iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Domin a kwashe zafin wat 300 ba tare da iskar ciki ta fi ta ɗaki da sama da digiri biyar ba, ana buƙatar kimanin kubik mita 180 na iska a kowace awa. Fanka guda mai faɗin milimita 120 ba ta iya wannan ita kaɗai, musamman idan akwai raga a gabanta. Biyu ko uku a gaba da ɗaya a baya sun wadatar. Mai milimita 140 tana tura iska fiye da mai 120 ba tare da ta yi ƙara sosai ba, don haka idan akwatin yana karɓarta ita ce zaɓi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura fanka a juye. Iska tana fita ne ta ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injin fankar, kuma wasu suna da 'yar kibiya a gefe. Wanda yake shakka ya kanga siririyar takarda a gabanta: idan ta manne, fankar tana ja ne.

Ya kamata masu shigar da iska su ɗan fi masu fitarwa ƙarfi. Idan aka yi haka, iska za ta riƙa fita ta kowace kafa ta akwatin, ƙura kuma ba za ta samu shiga ba sai ta gaba inda aka sa mata matata. Idan masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta duk ramin da ya samu. Wayoyi kuma a tattara su a bayan babban allo a ɗaure, kada su tsaya a hanyar iska ko su taɓa fikafikan fanka.

Wanda yake da tsohon akwati mai toshewar gaba ba dole ne ya sayi sabo ba. Mai walda zai iya yanke gaban ya ɗora ragar ƙarfe, ya huda wurin fanka. Sharaɗin shi ne a kwashe dukkan kayan ciki tukuna, a kuma share akwatin sarai kafin a mayar, domin ɓurɓushin ƙarfe guda ɗaya a kan babban allo ya isa ya haɗa wuta.

Sanyaya da ruwa ko da iska?

Na'urar sanyaya da ruwa tana aiki kamar lagireton mota: famfo yana tura ruwa ya ɗauko zafi daga furosesa ya kai shi lagireto, fankoki su hura. Tana da amfani ga manyan furosesoshi masu cin wuta sosai, amma ita ma da iskar ɗaki take sanyaya ruwan, ba za ta sauka ƙasa da zafin ɗakin ba. Ga shi kuma idan famfonta ya mutu, sai dai a sayi wata gaba ɗaya. Ƙarfen zuƙe zafi mai tsayi da fanka a jikinsa ya wadatar da furosesa matsakaiciya, kuma abin da zai iya lalacewa a jikinsa fanka ce kawai, wadda sauya ta ba shi da wuya. Ga mai zaune a Jega ko Maiyama, nesa da manyan kasuwannin kayan kwamfuta irin na titin Beirut a Kano, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani kirim da ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani domin zafi ya wuce. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Yakan bushe da daɗewa, don haka idan zafi ya ƙaru ba tare da dalili ba bayan shekara biyu ko uku, a goge tsohon a sa sabo.

Ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yanayi yana sanyi, amma a lokacin ne ƙura ke cika matata da tsakanin siraran ƙarafan sanyaya. Kwamfutar da ta kwashe ƙurar hunturu ba a share ta ba, ita ce ke fara kashe kanta da shigowar bazara. A wannan lokaci a riƙa cire matatar gaba ana kakkaɓewa duk mako, a kuma buɗe akwatin a hure shi sau ɗaya a wata. Kafin a fara a zare wayar wuta, a fita da shi waje, a riƙe fikafikan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima.

Busasshiyar iskar hunturu tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke yin ƙyas-ƙyas idan an cire riga da dare. Wannan 'yar wuta tana iya kashe sassan kwamfuta, saboda haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki. Kada a ajiye akwatin a ƙasa ko a kan darduma. A ɗora shi a kan tebur, a bar tazarar aƙalla taki ɗaya tsakanin bayansa da bango.

Ɗaki da wutar lantarki

Mai shagon gem ya yi lissafin ɗakin kansa. Kwamfutoci biyar masu wat 300 suna fitar da wat 1,500, fiye da dutsen guga na lantarki da aka bari a kunne, ga kuma zafin jikin masu wasa, kimanin wat 100 kowane mutum. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana kwashe kusan wat 2,600, wato da ƙyar za ta riƙe irin wannan shago idan rufin kwano ne tsirara. Sanya silin, da buɗe taga biyu masu fuskantar juna, da fankar bango mai fitar da iska waje, suna rage zafi da kuɗi kaɗan. Kada a jingina ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a jikin akwati, domin danshi ya fi zafi saurin lalata kayan lantarki.

Na'urar rarraba wuta ta cikin akwatin ita ce inda araha ba ta ado. Mai tambarin 80 Plus tana mayar da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja zuwa aiki, saura kaɗan ne ke zama zafi. A duba kuma a wane zafi aka auna ƙarfinta, domin nagartattu ana auna su ne a digiri 40 ko 50. Ganin yadda wuta ke ɗaukewa da dawowa, da sauyawa tsakanin layin Kaduna Electric da janareta ko sola, UPS da sitabilaiza suna cikin kuɗin haɗa kwamfutar tun farko.

Akwai kuma sanyin da ba a biya. Idan allon yana nuna hoto 60 ne a daƙiƙa, babu amfanin barin katin hoto yana zana 150. A ƙayyade shi a 60 daga cikin saitin wasan, nan take zai rage cin wuta da zafi. Manhajar MSI Afterburner tana ba da damar rage iyakar wutar katin, HWMonitor kuma tana nuna zafin kowane sashe, kuma dukkansu kyauta ne.

Kafin a karɓi kwamfuta daga hannun mai haɗawa, a nemi ya kunna wasa mai nauyi na tsawon rabin awa da rana, akwatin a rufe, manhajar auna zafi a buɗe. Idan furosesa ta tsaya ƙasa da digiri 85, katin hoto kuma bai wuce 80 ba, aikin ya yi. Idan lambobin suka haura haka, a cire murfin gefe a sake dubawa: in zafin ya faɗi sosai, laifin akwatin ne da jerin fankokinsa, kuma gyaransa ya fi sauƙi tun kuɗin bai gama fita daga hannu ba.