Ku Kai Yara Ƙauye Su Ga Kaza Da 'Ya'yanta

'Yan'uwana mata, ran nan na tambayi wata 'yar makaranta a Kano ko ta san Kaza da 'Ya'yanta. Sai ta ce ai suna cikin akurki! Ban ga laifinta ba. Hasken lantarki ya dushe sararin birni, taurari kaɗan ne ke fitowa. A ƙauye kuwa, inda duhu ya cika, ido yakan ga fiye da 2,000 a lokaci guda.

To, in za ku je ganin gida, ku tafi da yaran. Ku zaɓi wajen Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba, a ƙarshen wata lokacin duhu. Bayan lisha a shimfiɗa tabarma, amma fa a duba kunama tukuna. A kashe tocila da waya, gama ido yana bukatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu.

Ku dubi gabas, ga Kaza can a dunƙule. Yawanci shida ake ƙirgawa, mai kaifin ido ya ga bakwai. Hasken nan nasu ya yi wajen shekara 440 yana tafiya kafin ya iso, watau ya taso tun kafin jihadin Shehu na 1804 da fiye da shekara 200.

Zara matar wata da Gamzaki na asuba kuwa abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Da na faɗa wa kakata haka, cewa ta yi boko ya ɓata ni.