Bears Da Packers: Gabar Da Ta Haura Shekara 100

A ƙarshen watan Maris na 1956 wani dattijo mai shekara 61 ya taso daga birnin Shikago, ya hau dandamali a garin Green Bay da ke Jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka, ya roƙi mutanen garin su jefa ƙuri'ar amincewa da gina wa ƙungiyar ƙwallonsu sabon filin wasa. Abin da ya sa jawabin nan ya shiga tarihi shi ne, mai yin sa George Halas ne, mai ƙungiyar Chicago Bears, watau mutumin da 'yan garin suka shekara 35 suna yi wa ihu duk ranar da ya taka filinsu.

A lokacin ƙungiyar garin, Green Bay Packers, tana cikin haɗari. Filinta na katako ya tsufa, ya kuma yi kaɗan, har masu sauran ƙungiyoyi sun fara matsa lamba a mayar da ita birnin Milwaukee. Da aka jefa ƙuri'a ran 3 ga Afrilu, masu son ginin suka yi rinjaye mai yawa. Aka buɗe sabon filin ran 29 ga Satumba, 1957, a gaban Mataimakin Shugaban Ƙasa Richard Nixon. Baƙin da aka gayyata su buga wasan farko su ne Bears, aka kuwa sallame su da kashi, maki 21 da 17.

Wannan labari ya ƙunshi sirrin gabar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu. Sun kara fiye da sau 200, an yi dambe, an ji raunuka, an yi zargin maguɗi, amma duk lokacin da ɗaya ta kai bakin rami, ɗayar ce take miƙa mata hannu.

YADDA WASAN YAKE

Ƙwallon da Amurkawa ke kira na ƙafa ya sha bamban da wanda aka sani a sauran duniya. Ƙwallon mai tsini ne a bakinsa biyu, kuma da hannu ake yawan sarrafa shi. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Tsawon filin yadi 100 ne. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama 4 ya ci gaba da yadi 10, ko ta hanyar gudu da shi, ko ta jefa wa ɗan'uwa, su kuwa abokan karawa aikinsu su kayar da mai ƙwallon ƙasa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ya bi ta tsakanin sanduna ya sami 3. Akwai ɗan wasa guda wanda yake tsara hari, shi ne kuma mai jifa. Shi ne madugun ƙungiya, kuma galibi ƙarfinta yana rataye ne a hannunsa.

ƊAN SITACI DA ƊAN NAMA

Ƙungiyoyin biyu duk a masana'anta aka haife su. A 1919 wani saurayi, Earl Lambeau, wanda aka fi sani da Curly, ya haɗa kai da wani ɗan jarida, George Calhoun, suka kafa ƙungiya a Green Bay. Kamfanin da Lambeau ke wa aiki, mai sa nama a gwangwani, shi ya ba da dala 500 aka sayi riguna, daga nan sunan Packers ya samo asali, ma'ana masu ɗura kaya a gwangwani. A 1920 kuma kamfanin sitaci na A. E. Staley a garin Decatur, Jihar Illinois, ya damƙa wa Halas ƙungiyarsa. Shekara ta zagayo Halas ya kwashe ta zuwa Shikago, a 1922 ya sa mata suna Bears.

Karon farko an yi shi ne a Shikago ran 27 ga Nuwamba, 1921. 'Yan Halas suka ci 20 ba ko ɗaya. Ba a cika wata 3 ba hukumar gasar ta kori Packers saboda sun sa ɗaliban jami'a cikin wasa, abin da doka ta hana. An mayar da su kafin a soma wasannin 1922, amma mutanen Green Bay sun daɗe suna zargin akwai hannun Halas a korar, balle da suka ga ɗaya daga cikin ɗaliban, Hunk Anderson, ya ɓulla sanye da rigar Bears. A watan Nuwamba na 1924 aka kori Frank Hanny na Bears da Tillie Voss na Packers daga fili saboda sun ba hammata iska, kuma su ne ake lissafawa na farko da aka taɓa kora don faɗa a tarihin gasar.

Halas da Lambeau jirgi ɗaya ya kwaso su wajen taurin kai. Kowannensu shi ne mai horarwa, shi ne manaja, da fari ma har ɗan wasa ne. Kowannensu ya ci kambin gasar sau 6 yana mai horarwa. An kuma san su da cewa ba su gaisawa bayan an tashi wasa.

GIWA DA ƊAN ZAKARA

Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne bambancin garuruwan. Tsakaninsu kimanin mil 200 ne, dukansu a gaɓar ruwan Tafkin Michigan. Shikago birni ne na uku a girma a Amurka, da mutum wajen miliyan 2.7 a ƙidayar 2020. Green Bay kuwa a ƙidayar nan mutum 107,000 ne da 'yan kai, garin masana'antun takarda da cuku da tsananin sanyi. Ɗan Shikago yana kallon ɗan Wisconsin a matsayin baƙauye, shi kuma yana kallon ɗan Shikago a matsayin mai girman kai.

A shekarun farko gasar cike take da ƙungiyoyin ƙananan garuruwa irin su Canton da Duluth da Pottsville da Portsmouth. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu ko suka ƙaura, ta Portsmouth ma ita ce ta koma Detroit a 1934. Green Bay kaɗai ta tsira. Dalili na farko shi ne, tun 1923 mutanen garin suka mai da ƙungiyar mallakar jama'a, ba ta mutum ɗaya ba. An sayar da hannun jari a 1923, 1935, 1950, 1997, 2011 da 2021, kuma masu riƙe da shi sun haura 500,000. Jarin nan ba ya kawo ribar ko sisi, amfaninsa kawai shi ne ba wani attajiri da zai wayi gari ya ɗauke ƙungiyar zuwa wani birni. Bears kuwa ta zauna a hannun zuriyar Halas. Bayan rasuwarsa a 1983 'yarsa Virginia McCaskey ta gaje shi, ta riƙe har ta rasu a watan Fabrairu na 2025 tana da shekara 102.

Dalili na biyu shi ne abokin gaba. Ranar da Bears suka zo, ita ce ranar babbar kasuwa a Green Bay, haka ma ranar da Packers suka je Shikago. Kowane ɓangare ya san tuwonsa yana cikin tukunyar ɗayan. A 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Halas ya kasa biyan Packers cikakken kasonsu na kuɗin ƙofa. Maimakon su kai ƙara, sai suka karɓi takardar alkawarin dala 1,500, suka jira har ya samu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin tafiyar Halas ta 1956 ba.

Dalili na uku ya zo ne da talabijin. A farkon shekarun 1960 shugaban gasar, Pete Rozelle, ya shawo kan masu ƙungiyoyin manyan birane, har da Halas, suka yarda a sayar da haƙƙin nuna wasanni a dunƙule, a raba kuɗin daidai wa daida. Yarjejeniyar da aka ƙulla da gidan talabijin na CBS ta soma aiki a 1962, a kan dala miliyan 4.65 kowace shekara. Tun daga nan kason Green Bay ya zama ɗaya da na Shikago ko New York.

ZAMANIN LOMBARDI

A fili kuwa ba sani ba sabo. Ran 14 ga Disamba, 1941, mako guda bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, ƙungiyoyin suka yi wasan raba gardama, Bears suka ci 33 da 14, suka wuce suka ɗauki kambi. Daga ƙarshen shekarun 1940 Packers suka shiga mummunan fari, har a 1958 wasa 1 tak suka ci cikin 12.

Sai aka ɗauko Vince Lombardi daga New York a 1959. Wasansa na farko da Bears ne, ya ci 9 da 6, 'yan wasansa suka ɗauke shi a kafaɗa. Cikin shekara 7, daga 1961 zuwa 1967, ya ci kambi 5, har da wasannin Super Bowl biyu na farko. A 1962 ya lallasa Bears 49 ba ko ɗaya. Halas bai haƙura ba. A 1963, yana da shekara 68, ya doke Packers gida da waje, ya ɗauki kambinsa na ƙarshe.

ALMAJIRAI SUN GAJI FAƊAN

Shekarun 1980 su ne mafi muni. Ran 7 ga Disamba, 1980, Bears suka yi wa Packers 61 da 7. Bayan 'yan shekaru ƙungiyoyin suka faɗa hannun mutane biyu masu zafin zuciya: Mike Ditka, wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Halas, da Forrest Gregg, wanda ya yi a ƙarƙashin Lombardi. A watan Oktoba na 1985 Ditka ya ɗauko wani ƙaton mai tsaron baya, William Perry, wanda saboda girmansa ake masa laƙabi da Firiji, ya ba shi ƙwallo ya banke 'yan Packers ya ci maki a gaban 'yan kallon talabijin na ƙasa baki ɗaya. Bears ɗin nan su suka ci Super Bowl a Janairun 1986.

Ramuwar da ta biyo baya ta zama abin kunya. Ran 23 ga Nuwamba, 1986, Charles Martin na Packers ya shiga fili da tawul a ƙugunsa, an rubuta lambobin wasu 'yan Bears a kai. Bayan madugun Bears, Jim McMahon, ya riga ya jefa ƙwallo ya saki jiki, Martin ya ciccibe shi ta baya ya maka shi da ƙasa a kan kafaɗar da dama take da rauni. Aka kori Martin daga fili, aka dakatar da shi wasa 2, McMahon kuwa bai sake wasa ba a shekarar.

A 1989 gardamar ta koma kan alƙalanci. Ran 5 ga Nuwamba, ana dab da tashi, Don Majkowski na Packers ya jefa ƙwallon da ya kawo maki. Alƙalin fili ya soke, ya ce ya ƙetare layin jifa, amma alƙalin da ke duba hoton bidiyo ya warware hukuncin, Packers suka ci 14 da 13. Bears suka yi shekaru suna sa wa wasan nan alama a littafin tarihinsu don nuna ba su yarda ba.

RESHE YA JUYE DA MUJIYA

A farkon 1992 Bears suna gaban Packers da nasara 23 a lissafin karawarsu. A shekarar ne Brett Favre ya zama madugun Packers, bayansa Aaron Rodgers ya karɓa a 2008. Mutanen nan biyu suka riƙe muƙamin wajen shekara 30, yayin da Bears suka yi ta sauya madugai. Ratar ta dinga raguwa har a watan Satumba na 2017 Packers suka shiga gaba, karo na farko tun shekarun 1930.

Cikin wannan zamani ne 'yan asalin Nijeriya suka shiga labarin. Kabeer Gbaja-Biamila ya yi fice a tsaron Packers, Adewale Ogunleye da Israel Idonije suka yi a na Bears. Samkon Gado, wanda aka haifa a Kufai, arewacin Nijeriya, ya yi wa Packers wasa a 2005, daga baya ya zama likita.

Rana mafi ɗaci ga Shikago ita ce 23 ga Janairu, 2011. A filin Bears, Soldier Field, Packers suka ci 21 da 14 a wasan neman shiga Super Bowl, aka miƙa musu kofin da ke ɗauke da sunan George Halas. Bayan mako 2 suka doke Pittsburgh, suka ɗauki babban kofin, wanda shi kuma sunan Vince Lombardi ne a jikinsa. Zuwa ƙarshen wasannin 2024 Packers suna da kambi 13, Bears 9, ba ƙungiyar da ta kai su. Ran 5 ga Janairu, 2025, bayan sun sha kashi sau 11 a jere, Bears suka je Green Bay suka ci 24 da 22 da bugun ƙarshe.

Filin da suka yi wannan nasara a cikinsa shi ne wanda Halas ya roƙi a gina. An sa masa sunan Lambeau bayan rasuwarsa a 1965, an yi ta faɗaɗa shi har yana ɗaukar mutum fiye da 80,000, watau kusan kashi 3 cikin 4 na jama'ar garin. Kowace shekara Bears sukan je can sau ɗaya, a tarbe su da ihu kamar yadda aka tarbi kakanninsu. Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma har yau ba a ga wanda ya ƙaura ya bar wa ɗaya bakin ba.